Waya ta narke a aikina na farko: in ajiye filaya ne?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Kano, ina koyon wayarin a hannun kawuna, ƙanin mahaifiyata. Kwanakin baya ya tura ni ni kaɗai gidan wata Hajiya in ja mata soket zuwa kicin ɗin baya, tazarar kamar mita 25 daga akwatin bireka. Ta yi ta ƙorafin kuɗi, sai na yi amfani da ragowar waya mai lamba 1.5 (lambar kaurin ƙarfen cikinta) da ke jakata, na zura ta a fayif, na jona a bireka mai lamba 32 da na tarar, na sa soket ɗaya. Na gwada da testa, wuta ta kawo. Ba a daɗe ba robar wayar ta narke, soket ya yi baƙi ƙirin, Allah ne ya sa yara suka ji ƙauri. Ashe ekstenshan ta sa, ta jona butar lantarki mai wat 2,000 da murhun lantarki mai kai biyu mai wat 2,500. Kawu ya yi min tatas a gaban mutane a shago, ya ce daga kuɗina za a cire. Abin da ke ci min rai shi ne bai taɓa koya min lissafin komai ba, sai dai ya ce wannan wayar ta fitila ce, waccan ta soket ce. Ni kuma fiziks ta kayar da ni a sakandare, kaina ba ya ɗaukar lissafi. Wasu abokaina sun ce jabun waya ce, wasu sun ce wuta ce ta zo da ƙarfi. Laifina ne? Ina tunanin in bar sana'ar in nemi Adaidaita Sahu in riƙa ja.

Wani matashi daga Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Kafin komai, mu gode wa Allah da abin ya tsaya a kan waya da soket, bai kai rufin ɗaki ba, bai kai ga rai ba. Idan har yanzu wayar nan tana jone, ka je yau ka kashe birekar, ka zare ta daga akwatin gaba ɗaya. Robar da ta taɓa narkewa ba a naɗe ta da salatif a ci gaba da aiki da ita.

Ka tambaye ni ko laifinka ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: kaso mafi girma naka ne. Kuma ba faɗuwa fiziks ce ta jawo shi ba. Ka ja soket zuwa kicin ba ka tambayi matar gidan me za ta jona ba, sannan ka bar ƙorafin kuɗi ya zaɓa maka kaurin waya. Kawunka ma da nasa kason, za mu zo kansa. Amma ba na so ka tashi daga wannan amsa da nauyin laifi kaɗai. Ina so ka tashi ka san abin da ya faru a cikin fayif ɗin nan da lamba, domin duk lambobin da ake buƙata ka riga ka rubuto su da hannunka a wasiƙarka.

Ka tuna fitowar jama'a daga filin Idi ta ƙofa guda. Turin da na baya ke yi wa na gaba shi ne bolteji, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Yawan waɗanda ke wucewa ta ƙofar a kowane daƙiƙa shi ne kwararar wuta, ana auna ta da amfiya, alamarta a lissafi I, a jikin kaya kuma A za ka gani. Ƙuncin ƙofar shi ne turjiya, ana auna ta da om, alamarta R. Na huɗunsu shi ne aikin da wutar ke yi a kowane daƙiƙa, zafi ne ko haske ko juya inji, ana auna shi da wat, alamarsa P. Ƙa'ida biyu ce ta ɗaure su. Ta farko: V = I × R, wato bolt daidai yake da amfiya sau om. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, ɗan maƙerin makullai, shi ya wallafa ta a 1827. Ta biyu: P = V × I, wato wat daidai yake da bolt sau amfiya. Idan ka san biyu daga cikin huɗun nan, sauran biyun suna hannunka. Kana neman amfiya? Raba wat da bolt. Kana neman om? Raba bolt da amfiya. Sau da rabawa ne kawai, irin wanda kake yi kullum in ka je sayen kaya a Sabon Gari, kuma akwai kalkuleta a wayarka.

To mu koma kicin ɗin Hajiya. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Buta wat 2,000: raba 2,000 da 230, ka sami amfiya 8.7. Murhu wat 2,500: raba da 230, ka sami amfiya 10.9. Haɗa su, 19.6 ke nan. Wannan lamba ɗaya, da ka fitar da ita kafin ka buɗe jakarka, da ba mu zo nan ba. Juya soket ɗin da ka sa, irin mai rami uku ɗin nan, za ka ga an rubuta 13A a bayansa. Ka ɗora masa kusan 20. Waya mai lamba 1.5 kuwa, idan tana cikin fayif a jikin bango, littafin ƙa'idar wayarin na Ingila da ake bi a nan ya ba ta amfiya 17.5, kuma wannan a yanayin zafi na digiri 30 ne. A digiri 40, wanda ba baƙo ba ne a Kano cikin Afrilu, balle a kicin da ake girki, sai an ninka lambar da 0.87, ta sauko wajen 15. Ka ga ke nan wayar da aka ba iznin 15 ita ce ke ɗauke da kusan 20.

Za ka ce to me ya hana bireka ta faɗi? Ai ba ta ga laifi ba. An rubuta mata 32, ta ga 20 na wucewa, ta bar shi. Bireka ba ta san kaurin wayar da aka jona mata ba, mai wayarin ne ya sani. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ba ni tsoro a aikinka, fiye da zaɓen wayar ma. Aikin bireka kare waya ne, don haka dole lambarta ta kasance ba ta wuce abin da wayar za ta iya ɗauka ba, kuma ba ta gaza abin da kayan za su ja ba. Kaya a ƙasa, bireka a tsakiya, waya a sama. Kai kuwa ka juya tsarin, waya ta zama ita ce mafi rauni, sai ta koma ita ce fis ɗin gidan. Shi kuma fis ɗin da ke cikin fulogin ekstenshan, ko da na ƙwarai ne mai 13, ba ya tsinkewa nan take don an ɗara shi. Yana iya jure kusan 20 na tsawon lokaci. Da yawa daga na arahar ma babu fis a cikinsu, ko an cusa silin waya a gurbinsa.

Yanzu turjiya. Butar nan: raba bolt 230 da amfiya 8.7, om 26.4. Murhu: 230 a raba da 10.9, wajen om 21. Idan an kunna su tare: 230 a raba da 19.6, om 11.7. Lura da kyau, da aka ƙara kaya turjiyar raguwa ta yi, ba ƙaruwa ba, domin kowane abin da aka jona sabuwar hanya ce aka buɗe wa wuta. Masu koyo da yawa suna ɗaukar abin a baibai, suna zaton kaya mai cin wuta shi ne mai turjiya da yawa. A'a, mai ƙaramar turjiya shi ne mai ci. In waya biyu suka haɗu tsirara, turjiyar ta kusa zama sifili, shi ya sa kake jin ƙara kana ganin tartsatsi.

Amma abin da nake so ka daɗe a kansa shi ne wannan: ita kanta wayar tana da tata turjiyar. Jan ƙarfe mai kaurin 1.5 yana da kusan om 1.2 a kowace mita 100. Ka ce tazarar mita 25 ce, amma wuta zuwa take ta dawo, don haka mita 50 ta waya ke nan, om 0.6. Lamba ce ƙarama, ka ga kamar ba komai. Bari mu ga abin da take haifarwa. Idan ka ɗauki ƙa'idar farko ka zuba ta cikin ta biyu, za ka sami ta uku: P = I × I × R. Zafin da waya ke fitarwa shi ne amfiya sau kanta, sau om. James Joule na Ingila ne ya tabbatar da haka da gwaji a farkon shekarun 1840. Da buta kaɗai Hajiya ta kunna: 8.7 sau 8.7 sau 0.6, wat 45, a baje cikin mita 50, waya ba za ta ko damu ba. Da ta ƙara murhu, turjiyar wayar takan ɗan rage kwararar, don haka mu ce amfiya 19: 19 sau 19 sau 0.6, wat 217. Amfiya ta ninka sau biyu da ɗan ɗoriya, zafi ya ninka kusan sau biyar. Nan ne ido da hannu ke yaudarar mutum. Ka gwada da testa ta kawo, ka kunna ƙwai ya haska, ka taɓa waya ka ji ta sanyi. Testa bolteji kawai take shaida maka. Amfiya ce ke ƙona gida, ita kuwa ba ta bayyana sai an ɗora kaya.

Kuma duk wannan zafin a cikin fayif yake, ba iska. Robar da ke jikin wayar gida an yi ta ne ta jure digiri 70. Da irin nauyin da aka ɗora mata, a ranar zafi, lissafi ya nuna za ta kai wajen 85 zuwa 90. Za ta yi laushi, ta bushe, ta fara tsagewa a hankali.

A nan ne zan ba abokanka rabin gaskiya. Waya ta ƙwarai a wannan zafin lalacewa take yi sannu a hankali; narkewa da wuri haka yana nuna akwai ƙarin dalili, kuma ina zargin abu biyu. Na farko jonin da bai ɗauru ba. Ka ce soket ya yi baƙi. Idan sukurun bayansa bai matse wayar sosai ba, ko bakin fulogin ekstenshan yana rawa a cikin ramin, wurin yakan sami tasa turjiyar. Ko da om 0.1 ce kacal, 19 sau 19 sau 0.1 wat 36 ne, kuma ba a baje cikin mita 50 ba, a tattare a wuri ɗaya da bai kai kan yatsa ba. Ƙarfen da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi wat 30 zuwa 40 ne. Ka ga abin da ke bayan soket ɗin ke nan duk lokacin da aka ɗora tukunya. Na biyu jabun waya. Akwai wadda alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da kusan kashi 60 cikin 100, don haka om 0.6 ɗin nan zai koma kusan 1, zafin ya haura wat 340. Akwai kuma wadda aka rubuta 1.5 a kwali, amma cikin bai kai ba.

Kada ka tsaya ga zato. Yanko guntun wayar daga inda bai ƙone ba, ka fere robar, ka kankare ƙarfen da wuƙa. In fari ya leƙo daga ƙarƙashin ja, alminiyam ce. Ka kara silin a harshen wutar laita: jan ƙarfe zai yi baƙi ya tsaya ƙyam, domin sai digiri 1,085 yake narkewa, alminiyam kuwa a 660 take narkewa, za ka ga ta lanƙwashe ta sunkuya. In mai sili ɗaya ce, faɗin ƙarfen 1.5 na gaskiya ya kusa milimita 1.4, na 2.5 kuma kusan 1.8. Gobe in za ka sayi naɗi guda, ka tafi da mitar gwajinka, ka fara haɗa bakunanta biyu ka ga abin da ta nuna don ka cire shi daga baya, sannan ka auna daga wannan bakin naɗin zuwa wancan. In mita 100 ce, 1.5 ta ba ka wajen om 1.2, 2.5 ta ba ka wajen 0.74. Ta wuce haka sosai, ka ajiye wa mai shago kayansa. Sai dai ko da wayar ta fito jabu, wannan bai wanke ka ba, domin ta ƙwaran ma ba ta isa wannan aikin ba.

Masu cewa wuta ce ta zo da ƙarfi kuwa, lissafi bai goyi bayansu ba. A ce ta hau har bolt 250: raba da om 11.7, amfiya 21. Tsakanin 19.6 da 21 ba wani tazara ba ne. Kuma da hauhawar ta yi muni, da ƙwayayen fitila da talabijin da cajojin gidan ne za su fara sheda, ba waya ɗaya tilo a kicin ba.

Tun da mun zo nan, bari in ƙara maka wani abu da za ka ci karo da shi kullum. In wuta ta yi ƙasa, a ce bolt 180, butar nan za ta ja 180 a raba da 26.4, amfiya 6.8, aikinta ya sauko wajen wat 1,225, shi ya sa ruwa ke daɗewa bai tafasa ba. Wannan haka yake ga duk abin da aikinsa zafi ne: buta, murhu, dutsen guga, hita. Amma mai inji a ciki, irin firji da famfon tura ruwa da na'urar sanyaya ɗaki, halinsa daban. In bolteji ya faɗi yakan ƙara jan amfiya, ya yi ta gurnani yana zafi har ya ƙone, kuma lokacin tashi yakan ja ninkin abin da yake ja in ya daidaita. Ga irin waɗannan kada ka dogara da raba wat da bolt kaɗai, ka karanta amfiyar da aka rubuta a jikinsu, ka ƙara sarari. Shi ne ma dalilin da janareta ke zuwa da lambar kVA, wato bolt sau amfiya a dubbai, wadda galibi sai ka ninka da 0.8 kafin ka san wat dubu nawa zai ba ka. Aikin sola ma, wanda yanzu yake ta bunƙasa, da wannan lissafin ake cin abinci a cikinsa. Kayan wat 1,200 a bolt 230 amfiya 5.2 ne. Wat 1,200 ɗin nan dai a gefen batir mai bolt 12 amfiya 100 ne. Wanda ya gane wannan ba zai taɓa haɗa batir da inbata da wayar soket ba.

Wajen aunawa ka kiyaye abu uku, don rai ake magana. Ba a auna om a layin da ke da wuta, sai an kashe an tabbatar. Ba a juya mita zuwa amfiya a cusa bakunanta cikin soket. Gajeriyar hanya ka yi wa wuta, mitar za ta fashe a hannunka. Ka tara kuɗi ka sayi mai baki da ake maƙalawa a jikin waya, kuma waya ɗaya ake maƙala wa, in ka haɗa ta zuwa da ta dawowa sifili za ta nuna.

Yanzu kawunka. Ban ji daɗin faɗan da ya yi maka a gaban mutane ba, kuma bai kamata ya tura mai koyo shi kaɗai aikin kicin bai biyo baya ya duba ba. Wannan nasa ne. Amma ka sa kanka a matsayinsa: sunansa ne a kan aikin, shi Hajiya ta sani, da gidan ya kama da wuta shi za a kira, kuma ɗan 'yar'uwarsa ne ya yi. Rabin faɗan nan tsoro ne. Sannan maganar da ka raina, wai wannan ta fitila ce waccan ta soket ce, ba shaci-faɗi ba ce. Amsar lissafi ce da wasu suka yi tuntuni, aka miƙo ta hannu da hannu ba tare da hanyar ba. Ya ce 1.5 ta fitila ce, kai ka kai ta kicin. Ko lissafin ba ka sani ba, ai wannan ka sani. Inda ƙa'idar tasa ta tsaya shi ne nan: da 2.5 ka sa, tana ɗaukar 24 a fayif, wajen 21 a zafin digiri 40, da ƙyar za ta tsira da 19.6, kuma soket ɗin mai 13 da ya ƙone duk da haka. Haddar tana kai mutum bakin ƙofa, lissafi ne ke shigar da shi. Shi ya sa nake so ka riƙe duka biyun, kada ka jefar da nasa don ka sami sabo.

Kada ka tunkare shi a shago, kuma kada ka je da takarda a hannu kamar mai shigar da ƙara. Ka same shi a gida bayan isha'i, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Kawu, na yi kuskure, na sa wayar fitila a kicin, ka yafe min. Na zauna na yi wani ɗan lissafi a kan yadda za a gyara, ina so ka duba min ko daidai ne." Ka bar shi ya gyara maka, ko da abin da zai ƙara kaɗan ne. Mutumin da ya shekara da shekaru yana wayarin ya san abubuwan da ba sa cikin ƙa'idar Ohm: inda damina ke shiga bango, irin soket ɗin da ke saurin sakin sukuru, yadda ake magana da mai gida mai ƙorafin kuɗi. Maganar cire kuɗi kuwa, ka karɓa, ka roƙi a raba maka shi kaɗan-kaɗan. Kada ka kai ƙara wurin mahaifiyarka. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma shigar da ita zai mai da maganar aiki ta zama ta zumunci. In ya huce, wata rana ka faɗa masa cikin ladabi cewa faɗan gaban mutane ya yi maka ciwo. Zai ji.

Hajiya ma ka je da kanka ka ba ta haƙuri, kada ka ɗora mata laifin ekstenshan. Ita soket ta gani, ta jona. Ba aikinta ba ne sanin amfiya. Amma ka gaya mata gaskiya cewa aikin da kicin ɗinta ke buƙata ya fi wanda ta biya tsada, kuma daga yau duk wanda ya ce maka a rage kaurin waya don kuɗi, ka ce a rage yawan soket ko a jira kuɗi su cika. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Batun Adaidaita, sana'a ce ta halal, ba na raina ta, kuma in zuciyarka can take ba zan hana ka ba. Amma a wasiƙarka ban ga mai son tuƙi ba, na ga mai gudun kunya. Wanda ya tuna tazarar mita, da lambar bireka, da wat ɗin da ke jikin buta, bayan an yi masa faɗa, kansa yana ɗaukar lissafi. A aji an ba ka V da I da R babu buta babu murhu, shi ya sa suka ƙi zama. Michael Faraday, wanda bincikensa na 1831 shi ne tushen janareta da taransifoma, bai yi makaranta mai zurfi ba, yaron shagon ɗinkin littattafai ne, kuma lissafinsa bai yi nisa ba. Ka sayi ƙaramin littafi ka sa a aljihu. Duk gidan da kuka shiga, ka juya bayan kaya ka rubuta wat, ka fitar da amfiya, ka fitar da om, sannan in ka sami mita ka auna ka gani ko ya yi daidai. In ka auna ƙwan fitila mai sili na wat 60 a sanyi ka ga wajen om 60 ko 70 alhali lissafi ya ce 880, kada ka rikice, silin yana ƙara turjiya ne in ya yi zafi. In hannunka ya faɗa, ka nemi gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, mataki uku ne, daga baya kuma takardar ƙwarewa ta hukumar NEMSA, wadda doka ta 2015 ta ɗora wa duba ayyukan lantarki. Da su ake samun manyan ayyuka.

Ga lissafin da za ka kai wa kawunka. Kayan kicin amfiya 19.6. A ja sabon layi nasa na kansa daga akwati, da waya mai lamba 4 ta jan ƙarfe, wadda ke ɗaukar 32 a fayif, wajen 28 a zafin digiri 40, tare da wayar ƙasa, wato wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Bireka mai lamba 25, tsakanin 19.6 da 28 ke nan. Soket biyu daban-daban masu 13, ɗaya na buta mai 8.7, ɗaya na murhu mai 10.9, a jefar da ekstenshan. In da hali a sa na'urar nan mai yanke wuta in miliamfiya 30 ta zurare (miliamfiya dubu ce amfiya ɗaya), domin kicin wurin ruwa ne da jiƙaƙƙen hannu. Turjiyar mita 50 ta wannan waya om 0.23 ce, zafinta wat 83 maimakon 217. Bayan an gama, kawunka yana tsaye, ku kunna buta kaɗai, ku auna bolt a akwati, ku auna a soket, ku raba bambancin da amfiyar da mita ta nuna. Ya kamata bambancin ya zo wajen bolt 2, rabon kuma wajen om 0.23. In ya fi haka da yawa, akwai jonin da bai ɗauru ba ko wayar ba ta cika ba, ku kashe ku nemo shi kafin Hajiya ta ɗora tukunya. Allah ya yi maka albarka, ya sa wa sana'ar albarka.